Ƙira a Bakin Titi: Nazari kan Kurar Ruwa, Adaidaita Sahu da Tukunyar Alminiyum a Biranen Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tsara kayan amfanin yau da kullum a biranen ƙasar Hausa, ta hanyar bin diddigin abubuwa uku da kowane mazaunin Kano, Kaduna ko Yamai ya sani: kurar mai sayar da ruwa, babur mai ƙafa uku na haya, da tukunyar alminiyum ta zubi. Hujjar da maƙalar ke son kafawa ita ce masu walda da maƙera da kanikawa su ne ke ƙarasa zayyanar kayan da birni ke rayuwa da su, kuma sun ƙware matuƙa a kan duk abin da ido ke gani ko hannu ke ji. Rauninsu yana wajen abin da sai da awo ake gane shi, kamar gubar da ke cikin ƙarfe, da ƙarfin walda, da abin da nauyi ke yi wa jikin mutum bayan shekaru. A wannan gurbi ne ya kamata jami'o'i da kwalejojin fasaha su sa hannu.

Gabatarwa



Idan ana koyar da zayyanar kayan masana'antu a aji, yawanci akan nuna wa ɗalibi mutum ɗaya a gaban teburin zane, yana yanke shawarar siffar abu, da irin kayan da za a yi shi da su, da kuɗin da zai ci, kafin masana'anta ta buga dubbai irinsa. Muna da irin waɗannan gwanaye. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ta Amurka ya ƙware a zanen motoci, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya baje kolinta a 2007. Daga baya, a 2017, aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya. Abin alfahari ne. Sai dai mafi yawan kayan da hannun talakan birni ke taɓawa daga asuba zuwa dare ba su taɓa bi ta kan teburin zane ba. Murhun gawayin da aka dafa shayi a kai, da kurar da ta kawo ruwan wanka, da injin markaɗen da ke bakin layi, da ƙofar ƙarfen gida, duk a rumfar wani mai sana'a aka yanke shawararsu, da alli a kan falan ƙarfe, mai saye yana tsaye yana cewa a ƙara nan, a rage can.

Magabata sun taɓo wannan fage ta fuskoki daban-daban. Victor Papanek, a littafinsa na 1971, ya zargi masu zayyana da ɓata basirarsu a kan kayan ƙawa alhali mafi yawan mutanen duniya na fama da buƙatu na haƙiƙa. Keith Hart, wanda ya yi bincikensa a unguwar Nima ta Accra, inda Hausawa ke da tsohon zama, shi ya yaɗa tunanin tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, a maƙalarsa ta 1973. Philip Jaggar kuma ya fitar da littafi a 1994 kan maƙeran birnin Kano da yadda suka rungumi sababbin kaya da sababbin kasuwanni a ƙarni na ashirin. Hart kuɗin shiga ya fi duba, Jaggar kuma mutanen da tsarin sana'arsu. Ni kayan da kansu nake so mu duba, mu tambayi kowanne: wace matsala aka warware da wannan siffa, wace kuma aka bari?

Yana da kyau a tuna abin da ya cika waɗannan rumfuna da aiki. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara na waje suka yi tsada, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A Nijar ma an rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Abin da ba a iya saye sabo, dole a gyara shi ko a ƙera madadinsa. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Katako a Yamai, sun zama inda tsohon ƙarfe ke shiga ya fito da wani sabon aiki.

Kurar mai ruwa

Dattawa sun san ɗan garuwa na da: sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo a igiya, kowace tana cin kusan lita 18. Wato a sawu ɗaya yana ɗauke da abin da bai wuce kilo 36 ba, kuma dukkan nauyin a kan kafaɗa da ƙashin baya yake. Mai ruwan yau kura yake turawa. Idan ya jera jarkoki goma sha biyu masu cin lita 25, ruwa kaɗai ya kai kilo 300, ninki takwas na kayan magabacinsa. Babu kamfanin da ya kawo wannan sauyi. Abubuwa uku ne suka haɗu: rijiyoyin burtsatse na 'yan kasuwa sun yawaita a unguwannin da famfo ya daina zuwa, jarkokin man girki da aka juye suka cika kasuwa da araha, sannan tayoyin babur na hannu suka samu a ko'ina.

A duba yadda mai walda ya haɗa waɗannan. Faɗi da tsawon kurar daga jikin jarka aka auno su, domin jarkokin su zauna daram a layi biyu, kada su yi ta gogar juna suna fashewa. Faɗin nan kuma bai wuce abin da zai shiga lungu ba. Tayoyin an sa su ne kusa da tsakiya, ta yadda nauyin gaba zai riƙe na baya, mai turawa ya zama aikinsa tura kaya da saita hanya kawai. An zaɓi taya mai faɗin da'ira saboda tana haye rami da kwata cikin sauƙi fiye da ƙaramar tayar baro. Mafi muhimmanci, babu wani ɓangare na kurar da ba a samun mai gyaransa a cikin unguwa: mai faci yana nan, mai walda yana nan, boris kuma a kowane shagon kayan babur akwai. Duk ɗalibin da ya kawo wa malaminsa zane mai warware matsaloli da yawa haka da kaya kaɗan haka, ya cancanci babban maki.

Amma kurar ba ta da birki. Kilo 300 a kan gangara, a titin da yara ke wasa, jikin mutum ɗaya ne kawai ke tare shi. Tsayin mariƙin ma kusan ɗaya ne ga dogo da gajere, shi ya sa za ka ga wani yana tafe a duƙe yini guda. Mai walda bai ga ciwon bayan da zai zo bayan shekara goma ba, mai ruwan kuma ba zai biya kuɗin abin da bai san ana iya yi ba. Akwai kuma batun cikin jarkar, wadda bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga a wanke, gansakuka na taruwa a ciki. Wannan aibi daga siffar jarkar yake, kuma lafiyar gidaje masu yawa na rataye da shi.

Adaidaita sahu

Babur mai ƙafa uku baƙo ne. Kakansa shi ne Ape na kamfanin Piaggio da aka fara yi a Italiya a 1948, daga can ƙirar ta tafi Indiya, inda Bajaj da TVS ke yin waɗanda muke hawa yau. A Legas ya fara suna a zamanin mulkin Buba Marwa, sannan shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda aka kafa a 2001, ya yaɗa shi a ƙasa. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da shi domin sufurin mata a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan ya bi abin hawan har yau. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sai ya zama shi ne ƙafar birnin gaba ɗaya.

Masana'anta ta yi shi ne don direba ɗaya da fasinja uku. Kafin ya yi wata guda a titi ya riga ya bi ta hannun mutane da dama. Mai ɗinkin tamfol ya yi masa labule saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. Mai kushin ya sake lulluɓe kujera da leda mai jure gumi da wanki. Mai walda ya ƙara ƙarafa a gaba da baya saboda gogayyar cunkoso, ya faɗaɗa mazaunin direba domin a samu wurin ƙarin fasinja, wani lokaci ya ɗora mazaunin kaya a kan rufi. Kowane ƙari a cikin waɗannan saƙo ne ga wanda ya zana abin hawan, yana gaya masa inda zanensa ya gaza a wannan gari. Kamfanin da ya san darajar irin wannan saƙo yana cin kasuwa. Transsion, mai wayoyin Tecno da Itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da lura da abubuwa irin waɗannan: mutane na riƙe layi fiye da ɗaya, wuta ba ta samuwa kullum, kyamara kuma ba ta fito da baƙar fata yadda ya kamata. Ya gyara wayarsa a kan haka.

Ƙarin da ake yi wa adaidaita kashi biyu ne. Labule da kushin ba su taɓa daidaiton abin hawan ba. Kaya a kan rufi kuwa suna ɗaga cibiyar nauyinsa sama, abu mai ƙafa uku kuma da ma a kwana yake da saurin kifewa. Fasinja a gefen direba yana takure hannun da ke juya kan babur. Direban ya san haka sarai, amma kuɗin da zai kai wa mai babur kowace yamma ne ke tsara masa yawan mutanen da zai ɗauka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wani sabon ƙari ya shigo, wato mayar da injin ya koma amfani da gas ko lantarki. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna cewa ana iya mayar da ƙananan motocin haya su koma lantarki a gida. Sai dai tukunyar gas da batir ba labule ba ne. Kuskure kaɗan a wajen haɗa su gobara ce, kuma ido ba ya rarrabe haɗi mai kyau da marar kyau.

Tukunyar alminiyum

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne gwaninta da haɗari suka fi cakuɗa.

Wanda bai taɓa tsayawa a rumfar masu zubin tukwane ba ya yi asarar darasi. 'Yan gwangwan da 'yan bola jari ne ke kawo kayan aiki: gwangwanayen lemo, tsofaffin tukwane, fistin da murfin inji, guntayen tagogi. Ana narka su a murhun gawayi, wanda a wurare da yawa ake hura shi da fanka da aka haɗa da gargaren keke maimakon zugazugin fata na da. Alminiyum yana narkewa a zafin da ya kai kusan digiri 660, abin da gawayi da iska ke iya kaiwa, shi ya sa wannan sana'a ta yiwu ba tare da lantarki ba. Ana danna yashi mai ɗanshi a cikin akwati a kewayen wata tukunya da ta zama uwa, a buɗe akwatin a zare ta a hankali, a mayar a rufe, a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Cikin 'yan mintoci sabuwar tukunya ta fito, sai kankara da goga.

Siffar tukunyar amsa ce ga girkinmu. Gindinta zagayayye ne domin ta zauna a kan duwatsun murhu, harshen wuta ya lashe ta ta ko'ina, muciya kuma ta bi ko'ina ba tare da tuwo ya maƙale a kusurwa ba. Kaurinta yana riƙe zafi, yana jure tuƙi. Ana yin ta lamba-lamba, daga ta mutum biyu har wadda ake girkin biki ko na makarantar kwana. Idan ta huje a liƙe, idan ta mutu a mayar wa maƙeri ya narka, a cika kuɗi a karɓi sabuwa. Masana a Turai suna ta rubuce-rubuce kan tattalin arzikin da ba ya zubar da komai, ga shi nan ana yi a Panteka da Katako shekara da shekaru.

To, ga inda damuwata take. Tsohon ƙarfen inji ba alminiyum zalla ba ne. Wasu sassan ana gauraya su da dalma tun daga masana'anta domin su yi sauƙin yanka, wasu kuma, kamar tsohon lagireto, suna ɗauke da dalmar liƙi. Dalma tana narkewa tun a digiri 327, saboda haka tana bin alminiyum ta shige cikin tukunya, babu launi, babu wari. A 2014 Jeffrey Weidenhamer da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa tukwanen zubi na Kamaru, suka nuna cewa dalma na fita daga jikinsu idan aka tafasa ruwa mai tsami a ciki. A 2017 suka faɗaɗa gwajin zuwa tukwane 42 daga ƙasashe goma masu tasowa, 15 daga ciki suka fitar da dalma da ta kai ko ta wuce maikurogiram ɗaya a kowane kwano na abinci, wasu kuma suka wuce haka nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi saurin illatuwa. Mu kuwa girkinmu cike yake da tsami: tumatir, tsamiya, yakuwa, zoɓo. Mutanen arewacin Nijeriya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma, domin a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara ta hanyar ƙurar dutsen zinare. Waccan ta zo da yawa lokaci ɗaya har duniya ta gani. Ta tukunya kaɗan-kaɗan take shiga, sau uku a rana.

Ban kawo wannan don a ɗora wa maƙeri laifi ba. 'Ya'yansa ma a cikin irin tukunyar ake dafa musu, shi kuma ya fi kowa shaƙar hayaƙin narkawa. Yana iya gane ƙarfe mai kyau da sautinsa da nauyinsa da yadda yake gudu a cikin yashi, amma babu wata gaɓa ta ɗan'adam da ke jin dalma a cikin alminiyum. Hana sana'ar kuma ba mafita ba ce, domin tukunyar waje ta fi ƙarfin aljihun mafi yawan gidaje, kuma ba a yi ta don tuƙin tuwo ba.

Inda makaranta za ta shigo

Muna da misalin abin da ke faruwa idan ilimin gado ya haɗu da na aji. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya fito daga gidan maginan tukwane. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Yayin da ruwan ke tsotsewa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki. Sanyin randa kowa ya san shi tun kaka da kakanni. Abin da Bah Abba ya ƙara shi ne gwaji da ƙirga kwanaki, har ya iya cewa gauta da ke lalacewa a kwana uku tana kai kwana 27, sannan ya sa magina suka yi dubbai aka rarraba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, kuma dabarar ta kai har Darfur. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar rani, ƙarfinta na raguwa da damina, wannan ma awo ne ya bayyana shi.

Ta fuskar hukuma kuwa, Gana ta riga mu. A 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera mafi girma a ƙasar. Ta kai injinan yankan ƙarfe da dabarun zubin baƙin ƙarfe inda masu sana'a suke, suka gani, suka koya, suka buɗe nasu. A nan gida, kwalejin fasaha ta Kaduna da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa sun fara aikin gwada ƙwarewar masu sana'ar Panteka da ba su takardar shaida. Mataki ne mai kyau, amma takarda mutum take tantancewa. Kayan da yake ƙerawa ma suna buƙatar mai tantance su.

Sashen zayyanar masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya yi suna a fannin tangaran da gilashi da zanen yadi da zanen bugu, ga kuma sassan injiniya da na kimiyyar sinadarai a kusan kowace jami'a ta wannan yanki. Ina ganin babu abin da zai hana a ce ɗalibin shekarar ƙarshe ya yi aikinsa a rumfar mai walda, ya zana kurar da ake yi yanzu da ma'auninta, ya gwada mata birki mai sauƙi da kayan babur, ya bar wa mai rumfar zanen. A waɗannan kasuwanni dabara ba ta ɓoyuwa: idan ƙari ya yi amfani kuma bai yi tsada ba, maƙwabci zai kwaikwaya kafin mako ya zagayo. Wasu na ganin wannan kwaikwayo a matsayin cikas, suna kira da a yi wa kowace ƙira rajista a ƙarƙashin dokar 1970 ta mallakar ƙirƙira da zayyana. A ganina, a wannan mataki, saurin kwaikwayon nan shi ne hanya mafi arha ta yaɗa gyara.

Batun tukunya kuwa ya fi gaggawa, kuma hanyarsa a bayyane take. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙarfe ta faɗi sinadaran da ke cikinsa a cikin daƙiƙoƙi, irin wadda aka yi amfani da ita wajen auna ƙasa a Zamfara. Guda ɗaya a hannun ƙungiyar masu zubi, tare da ma'aikacin jami'a da ke zuwa a kai a kai, ta isa a gano waɗanne irin tarkace ne ke kawo dalma, a ware su tun a wajen saye, a mayar da su ga zubin abin da ba a ci a ciki, kamar murhu da kayan ado na ƙofa. Matsalar da za ta taso ita ce ta farashi, domin maƙerin da ya tsaya tantance ƙarfe tukunyarsa za ta fi ta maƙwabcinsa tsada, uwargida kuma ba ta da hanyar gane bambanci a kasuwa. Da ma masu zubi sun saba fitar da lamba ko suna a jikin tukunya da murfinta tun a cikin yashi. Ƙungiyarsu na iya ware tambari guda da ba mai sa shi sai wanda aka auna ƙarfensa, Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Nijeriya da takwararta ta Nijar su tsaya a bayansa, asibitocin awon ciki da gidajen rediyo kuma su sanar da iyaye mata abin da tambarin ke nufi.